Mudun da Muka Aika Gwaji

Abin da ake faɗa a Dutsin-Ma game da wurin wankin dutsen Malam Isiyaku ba haka yake ba. Wasu na cewa rowar Alhaji Sada ce ta kashe shi, wai masu kuɗinmu ba su iya ganin ɗan gari zai ɗaga su kama mashi. Wasu na cewa bakina ne. Ku kuma 'yan matan da ke tare ni a bakin famfo kuna cewa "Anti Zulai ki samo mamu aikin batir", a ganinku dutse ake jefawa a ruwa a kwaso kuɗi. Duk ba ku san aikin ba. Shekara huɗu na yi a cikinsa, kuma na gaji da bayani a tsaye da bokiti a ka. Shi ya sa na zauna na rubuta. Wadda ta sake tambayata sai in miƙa mata takardar.

Da farko dai ba batir muke yi ba, ban taɓa ganin inda ake yin sa ba. Wani baƙin dutse muke wankewa, mai santsi, in kin goga a takarda ya yi rubutu. Shi ne abin da ke cikin fensir. Malam na kiran sa girafait. Ya ce in an tace shi sosai, har ya zama babu yashi ko ƙwaya ɗaya, masu haɗa batirin waya da na mota mai lantarki suna saye da tsada. Ana haƙo shi a wani rami ta wajen Barkiya, amalanke ta fito da shi Kurfi, a-kori-kura ta ƙaraso mamu da shi.

Malam Isiyaku shi ya koya mamu kimiyya a sakandare. Da ya yi ritaya sai ya kewaye filin bayan gidansa da tsofaffin kwanuka, kan hanyar Kurfi, ya fara wannan aiki da dabarar da ya haɗa da kansa. Ni kuma na gama makaranta, sakamako ya fito babu lissafi, zaman gida ya ishe ni. Na je na ce ya ɗauke ni. Ya dubi farin hijabina ya ce, "Gobe ki zo da wanda ba ki so."

Aikin da aka fara ba ni tsinta ne. A zube maki dutse amalanke guda, a ba ki guduma da kujera 'yar tsugunne, ki fasa ki raba gida uku: mai laushi, tsaka-tsaki, da mai ƙyalƙyali wanda rabinsa yashi ne. Wadda ta koya mani Inna Tabawa ce, mutuniyar Barkiya, ta yi shekaru tana sheƙar hatsi a kasuwar Kurfi kafin ta dawo wurin Malam. Ranar farko na cika kwando da duk wanda ya fi haske, ina jin na iya. Ta zo ta kife kwandon da ƙafa.

"Ke da ido kike aiki? Rufe shi. Murza da babban yatsa. In ya tafi sulɓi kamar sabulu, namu ne. In ya ciji yatsa, jefa can."

Wata uku na yi ina wannan kafin a bari in matsa kusa da ganga. Farcena biyu suka fita.

Aikin ganga shi ne wanda kuke leƙe ta katanga kuna cewa wasa ne. Bayan an niƙa dutsen an tankaɗe, sai a zuba garin a rabin ganga mai ruwa. A sa kananzir murfin jarka biyu, a ɗiga ruwan sabulu, a tura tiyo na injin iska irin na masu faci har ƙasa. Ruwan ya ɗauki tafasa ba wuta. Baƙin ya manne wa kananzir ya hau sama cikin kumfa, yashi ya kwanta ƙasa. Ke kuma kina sunkuye da faranti kina kwashe kumfar. In kin yi gaggawa kin bar kaya a ganga. In kin yi jinkiri ƙaramin yashi ya biyo kumfar ya hau. In iska ta yi yawa komai ya haɗe, sai a sake. Babu agogo, babu ma'auni, bayanki ne kawai zai gaya maki lokaci. Daga nan a shanya a leda, a danne gefe da duwatsu, a tsare kaji.

In ya bushe Inna ce alƙali. Ta ɗebo ɗan kaɗan ta sa a haƙoran gaba ta tauna. In ta ji ƙaras-ƙaras, akwai yashi, a mayar ganga. In ta tofar ba ta ce komai ba, a ɗura a buhu.

Ba a gaya maku kuma baƙin nan ba ya fita. Kafin azahar sai na yi wanki uku da soso kafin in yarda alwalata ta yi. Tuwo da cokali nake ci, in ba haka ba lomar warin kananzir take. Bikin ƙawata an sa mani lalle, ko alama bai nuna ba.

Masu sayen kayanmu a lokacin ba masu batir ba ne. Maƙera ne masu zuba tukwanen alminiyam, suna barbaɗa garin a cikin mazubi don tukunya ta fito sumul. Sai kanikawa da ke cuɗa shi da giris, sai wani tsoho mai gyaran kwaɗo da ke sayen cokali biyu ya yi wata. Babban mai sayenmu Audu Maƙeri ne. Duk sati zai zo a kan babur, ya ce, "Zulai baƙar hannu, auno mani kwallin tukunya." Su ɗan yashi bai dame su ba. Da wannan ciniki mu mata shida muke samun na cefane, Malam na sayen kananzir da man inji. Ba arziki ba ne, amma ba a kwana ana tunanin gobe.

Wata Asabar Malam ya leƙo rumfa ya ce, "Zulai, ki haɗa mani mudu ɗaya. Kaduna za a kai a gwada, in ya yi za mu nemi masu batir." Iyakar abin da ya ce ke nan, ya wuce masallaci.

Inna ta ɗaure ɗankwali ta ce, "Mutanen birni za su gani. Kar su ce mu ƙazamai ne."

Haka aka rene mu. Abin da zai fita gida ya je gaban baƙo sai an tsince shi. Dawar da za ki kai gudummawar biki ba ita kike tuƙawa ranar Talata ba. To haka muka yi. Muka baje amalanke biyu muka zaɓi dutsen da ya fi kowane laushi, ɗaya bayan ɗaya. Muka ƙi ruwan rijiya, muka ɗebo na sama da aka tara ƙarƙashin indararo. Na wanke, na shanya, na sake mayarwa ganga, har sau biyar. Kwana uku muka yi a kan mudu ɗaya. Da ya fito, wallahi ko kwallin amarya bai kai shi ba. Babu wanda ya ce mu yi haka, babu kuma wanda ya ce kar mu yi. Ni da na yi ajin kimiyya ya kamata in sani. Ban yi tunani ba, ina ta jin daɗin an ce hannuna ya iya.

Takarda ta dawo da yabo. Malam ya sa aka rufe ta da leda, yana yawo da ita a aljihun gaba. Ya ce daga yau an daina sayar wa maƙera, kayanmu ya wuce tukunya, tarawa za a yi. Ya ce abin da ya rage babban inji ne da tankuna da rijiyar burtsatse. Wannan kuma sai da masu hannu da shuni.

Mutum biyu suka amsa kiransa. Alhaji Sada, dillalin hatsi na Kurfi mai sito-sito, da Ardo Bello na wajen Ɗantutture, mai shanu, wanda Malam ya karantar da 'ya'yansa uku. Aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiya bayan la'asar. Ni aka sa na kawo ragowar mudun a faranti, na koma gefe na tsaya, don haka duk na ji.

Malam ya karanta takardar, ya fassara. Alhaji ya saurara yana juya carbi, sannan ya ce, "Takardar nan buhu nawa ta gwada?"

"Mudu ɗaya, Alhaji. Haka ake gwaji."

"To. Wannan hanya taka ta ganga da kananzir, wa ya taɓa bi har masu batir suka saya, suka dawo suka ƙara?"

"A ƙasashen waje ma da kumfa ake tacewa. Ilimin ɗaya ne."

"Ilimi naka ne, Malam, ban ja da kai. Cewa na yi wa ya saya ya dawo."

"Ba a fara ba tukuna. Mu ne na farko."

"Ni kuwa ban son zama na farko. Na biyun ma in akwai na uku na fi so."

Ardo ya yi dariya ya ce, "Alhaji, kai ko aljanna aka buɗe sai ka ce wani shi fara shiga ka gani."

"A'a. Waccan wanda ya yi alkawarinta ba ya saɓawa. Wannan Malam Isiyaku ne da jarkar kananzir."

Har Malam sai da ya murmusa. Alhaji ya ci gaba, ba faɗa ba, kamar mai taya buhu. Ruwan da za a yi aikin da shi da bazara daga ina? In kananzir ya tashi fa? In hanyar rami ta ƙi biyuwa wata biyu, injin me zai ci? Ya ce, "Ka ga dawa, in ta faɗi in rufe sito in jira. In ta ƙi tashi mu ci abinmu da iyalina. Wannan in masu batir suka ce a'a, wa zai tuƙa shi?"

Ardo shi lissafinsa daban. Ya ce, "Kai dukiyarka tana zaune inda ka aje ta. Tawa ƙafa gare ta. Kunnena ɗaya a garke yake kwana. Inji dai ba a kora shi daji." Ya ce in kaka ta yi bajimansa sun yi ƙiba zai sayar da su ya sayi injin. Alhaji ya tashi yana kaɗe riga ya ce, "Zan dawo, amma ban faɗi rana ba."

Daminar nan ita ce mummunar shekararmu. Rami ya yi zurfi, dutse mai laushi ya ƙare, sai mai ƙyalƙyali ke fitowa. Ruwa ya cika ramin sati uku babu kaya. Malam kuma so yake sito ya cika kafin masu kuɗi su dawo, don haka wanki ɗaya ake yi da ruwan rijiya a ɗura. Inna ta tauna ta tofar, ta dube ni, ta ci gaba da aiki. Na gaya wa Malam akwai yashi. Ya ce babban inji zai gyara. Audu Maƙeri ya zo sau biyu aka mayar da shi. Na uku bai zo ba, muka ji yana aikawa Kano. Tunda babu ciniki, mata biyu suka daina zuwa.

Ranar da Alhaji ya dawo da hantsi ne, ina sunkuye a ganga. Ya shigo da ƙarfen nan mai rami da dillalan hatsi ke soka buhu su zaro na ciki. Malam ya ce in kawo faranti. Alhaji ya ce a bar shi tukuna, sito yake son gani. Ya wuce buhunan bakin ƙofa, ya durƙusa ya soki na ƙasa can lungu, ya soki wani a tsakiya. Ya zazzage a tafin hannu, ya miƙa wa Inna.

"Tabawa, tun kasuwa na san haƙoranki. Taɓa mani."

Inna ta tauna. Daga inda nake na ji ƙarar. Ta sunkuyar da kai.

Sai a lokacin ya ce a kawo farantin. Ya zuba na buhu a gefe. Ɗaya baƙi wuluk yana sheƙi, ɗaya kamar tokar murhu.

"Wa ya haɗa na Kaduna?"

Na ce ni ce, Baba.

"Kwana nawa ya ɗauke ki?"

"Uku. Dutsen zaɓa muka yi, wanki biyar, da ruwan sama."

Malam ya juyo. "Sau biyar?"

"Ba ka ce kar a yi ba, Malam."

Bai sani ba, wannan zan shaida ko'ina. Bai taɓa tambaya ba ne kawai. Alhaji kuwa ko fushi bai yi ba. Ya goge ƙarfensa da gefen buhu ya ce, "Ba ha'inci kuka yi ba, kara kuka yi. Duk macen da ta kawo mani dawa, mai kyan take zubawa a sama, ba don ta cuce ni ba, don kar a raina ta. Shi ya sa nake yawo da wannan. Malam, ni ba ni da rigima da gangarka ta farko. Amma in na sa kuɗi, ganga ta dubu nake saye, ita kuma ba wanda ya gan ta. In ka samu wanda ya karɓi buhu goma da ba a tsince ba, ya dawo neman ƙari, ka aiko mani." Ya yi sallama ya tafi. Rowar da ake ta faɗa ke nan.

Ardo ba ya nan ranar. Malam ya ce mani maganar ta tsaya a nan, inji zai raba yashin da hannu ya kasa. Ya yarda da hakan har zuciyarsa, na ga alama.

Bayan sati ɗaya Ardo ya zo, ya kawo mamu man shanu a ƙwarya. Ya ce ran kasuwa mai zuwa zai kora bajiman, har ya yi magana da dillali. Malam ya sa aka kawo faranti. Ardo yana murzawa yana cewa masha Allah. Na kashe injin iska, na share hannu.

"Baba Ardo, kafin ka kora su, zo ka ga sito."

Malam ya ce, "Zulai."

"Malam, kai ka koya mamu gwaji ɗaya ba gwaji ba ne sai an maimaita. A aji biyar har maki ka cire mani a kan haka."

Ba wanda ya hana ni, na shiga na kwance buhu na ɗebo. Na gaya wa Ardo yadda aka yi na farantin, kamar yadda na gaya wa Alhaji. Ya sa a haƙori, ya tauna. Sannan ya ce, "Malam, in an sayi injin, na buhun zai koma kamar na farantin?"

Malam ya ce, "Ina sa rai."

"Ka sani, ko kana sa rai?"

"Ina sa rai."

Ardo ya ce, "To bari su ƙara kwana a garke." Ya bar mamu man shanun ya tafi.

Wata bai cika ba aka rufe wurin. Inna ta koma sheƙa a kasuwa da ciwon bayanta, sauran suka koma gida. Da bazara kuma ɓarayi suka kore wani sashe na garken Ardo, har da bajiman nan. Daga nan maganar bakina ta samo asali: da yarinyar nan ta yi shiru, da shanun sun zama inji. Ni da Inna muka je mashi jaje. Na kasa ɗaga kai. Shi ya fara magana, ya ce, "'Yata, da na sayar, yau ko ina da arziki, ko ina da ƙarfe yana tsatsa a bayan gidan Malam. Ni ban sani ba, ke ma ba ki sani ba. Allah shi mayar da alheri."

Wannan maganar ita ta fi komai zama mani. Shekara huɗu, farce biyu, shanun mutum, kuma har yau babu wanda ya san ko dabarar Malam za ta kai ko ba za ta kai ba. Abin da aka gwada kawai shi ne yadda ni da Inna muka iya tsinta.

Malam ya yi wata biyu in na gaishe shi "lafiya" kawai yake cewa. Na je duk da haka, na ce ina son ganga biyu da aron ƙaramin inji, zan koma wa maƙera. Ya miƙo makulli yana kallon wani wuri.

"Sau nawa za ki wanke?"

"Sau biyu. Abin da ciniki zai iya ɗauka ke nan."

"To ki rubuta sau biyu a jikin buhun."

Na bi Audu Maƙeri har rumfarsa. Ya ce, "Baƙar hannu, an sauko daga batir?" Na ce an sauko. Ya ja rai sati biyu, sannan ya zo a kan babur ɗinsa. Na aika wa Inna ta dawo. Mu biyu ne yanzu, don haka ku daina tare ni, babu gurbi. In an samu, wadda ta zo wata uku za ta yi a kan guduma.

Makon jiya na hau mota zuwa Kurfi, na sami Alhaji Sada a ƙofar sito ana auna gero. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "In kuɗi kika zo nema, amsar tana nan yadda take."

Na ce, "Ƙarfen nan nake so, Baba."

Ya dube ni, ya sa aka ɗauko mani wani tsoho mai lanƙwasasshen mariƙi. Na gaya mashi abin da zan yi. Duk buhun da na ɗura, na rani da na damina, na dutse mai laushi da na mai ƙyalƙyali, zan soka daga ƙasa in zazzage a gwangwani ɗaya ta ɗan ramin murfi, ba dubawa. Ranar da ya cika mudu shi za a kai Kaduna. In takarda ta ce ya yi, Malam na da abin da zai nuna wa masu kuɗi. In ta ce bai yi ba, mun san mu masu kwallin tukunya ne, kowa ya huta.

Da na dawo na yi wa Inna bayani, ta riƙe haɓa.

"Haka za ki aika shi da yashinsa? Za su ce ba mu da tarbiyya."

"Su ce, Inna."

Ta yi ta kallon gwangwanin, yatsunta na motsi. Washegari na saya mashi kwaɗo, na aika wa Alhaji makullin ya riƙe. Na san halin Inna. Na san nawa ma.